Kwas ɗin da na ɗauka don hutu, da zanen Washington a kwale-kwale

Ba zan ɓoye muku ba, saboda maki na ɗau kwas ɗin nan na tarihin zane-zanen Amurka, an ce min hotuna kawai ake haskawa a firojekta a rubuta 'yan layuka, ni kuma samistan ta yi min nauyi na ce bari in samu wajen hutawa. Ashe ban san dawan garin ba.

Ranar farko malamar ta haska mana zanen George Washington, jagoran yaƙin neman 'yancin Amurka kuma shugabanta na farko, yana tsallake kogin Delaware, yana tsaye ƙyam a kwale-kwale, ƙanƙara ta cika ruwa, ga tuta a bayansa. Muka yi ta cewa jarumta, shugabanci, kaza kaza. Ta bari muka gama sannan ta ce a daren Kirsimeti na 1776 aka yi tsallakewar, shi kuwa mai zanen, Emanuel Leutze, sai 1851 ya gama zanen, shekara 75 a tsakani, kuma a Jamus ya zana shi, tutar da ke ciki ma sai watan Yunin 1777 aka amince da ita. Amma duk da haka shi ne hoton da ke kan Ba'amurke in an ambaci daren, yana cikin littattafan makaranta, har a bayan kwandalar jihar New Jersey ta 1999 an sa shi.

Ni kuma da jin haka sai na ɗau zafi, irin na ɗan makarantar da ya gano sirri. Asayimen ɗina na farko a kan zanen John Gast ne na 1872, wanda wata farar mace ke shawagi a sama ta nufi yamma, littafin makaranta a hannunta tana jan wayar tangaraho, jiragen ƙasa da manoma na biye da ita, su kuma 'yan asalin ƙasar da ɓaunayensu suna gudu suna shiga duhu. Na cika shafi huɗu ina cewa ƙarya ce, farfaganda ce, zalunci ne. Da ta dawo min da takardar ta ce: kai, kowa ya san an ƙwace musu ƙasa, ba kai ka gano ba, je ka nemo min wa ya biya kuɗin zanen, wa ya buga shi, mutum nawa suka gani. Wallahi na ji haushi ranar, amma na je na nemo.

Zanen ɗan ƙarami ne, faɗinsa bai kai rabin mita ba. Wanda ya sa aka yi shi George Crofutt ne, mai buga littattafan jagora ga matafiya zuwa yammacin ƙasar, shi ya yi ta buga kwafi yana bazawa. Wato mutumin da abincinsa ke wajen masu tafiya yamma shi ya ba ƙasar hoton da ke cewa tafiya yamma haske ce. Daga nan na daina tsayawa a kan zane shi kaɗai, na koma bin sawun kwafi. Fostar Uncle Sam, dattijon da ake zanawa a matsayin gwamnatin Amurka, mai nuna ka da yatsa, ta James Montgomery Flagg, an buga sama da miliyan 4 daga 1917 don ɗaukar soja, kuma salon ma daga wata fostar Ingila ta 1914 aka aro shi. Kaboyi kuwa ko dattawanmu da suka shiga silima a Kano sun san shi, fari ne da malafa da bindiga, alhali a cikin makiyayan gaske akwai baƙaƙen fata da 'yan Meziko da yawa, fim ne ya tace su ya fitar.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta. Shi tun a lokacin ya gane wasan. Ya zauna gaban kyamara har aka samu hotunansa daban-daban wajen 160, ya fi shugaban ƙasa Abraham Lincoln ma, kusan kullum cikin kwat, fuska a ɗaure ba murmushi, don jaridun zamanin suna zana baƙar fata a matsayin wawa mai washe baki. Bai tsaya kukan an yi musu ƙarya ba, nasa kwafin ya buga.

Sai Norman Rockwell, wanda ya shekara kusan 47 yana zana wa mujallar Saturday Evening Post Amurka mai daɗi, iyali a teburi ga talotalo an gasa, kusan kowa fari. Bayan ya bar su, a 1964 mujallar Look ta buga zanensa na Ruby Bridges, 'yar shekara 6 da jami'an tsaro huɗu ke raka ta makarantar farare a New Orleans a 1960, ga tumatir da aka jefa ya fashe a bango. Hannu ɗaya ne ya zana duka biyun, mai bugawa ne ya canza. A kansa na yi asayimen ɗina na ƙarshe, shafi biyu da rabi, kuma ko sau ɗaya ban rubuta kalmar farfaganda ba.