Injin iska a Maradi: wat 400 na jikin kwali bai iso batirina ba

Wat 400 aka rubuta a jikin kwalin injin iska mai samar da wutar lantarki da na saya, kuma a kan wannan lambar na ɗora duk lissafina. Ina da faifan sola biyu, abin da nake nema shi ne mai ciyar da batir da dare in rana ta faɗi. Har yau raina na ɓaci in na tuna, domin amsar tana cikin takardar da ta zo da injin, an rubuta da ƙananan haruffa: wat 400 ɗin sai iska ta kai gudun mita 12 a daƙiƙa.

Irin wannan iska a Maradi sai gaban hadari, lokacin da ƙura ke tasowa daga gabas kowa na rufe taga. Sai bayan na kashe kuɗina na sayi ƴar na'urar awon iska ta hannu, na yi wata biyu ina awo safe da rana da dare a saman gidana a Ali Ɗan Sofo. Galibi tsakanin mita 2 da 4 nake samu, sai da hantsi a hunturu ta ɗan haura.

Ga inda lissafin ya kashe ni. Wutar ba ta raguwa daidai da raguwar iska. In gudun iska ya ragu da rabi, kashi ɗaya cikin takwas na wutar ke saura. Daga 12 zuwa 4 ya koma kashi ɗaya cikin uku, sai ka ce uku sau uku sau uku, 27. Raba 400 gida 27, wat 15 ke nan da ƙyar. Ko ta wuni ta kwana tana kaɗawa haka, wat 360 na awa za ka tara, alhali faifan sola ɗaya mai wat 300 yana ba ni fiye da 1,000 a yini. Ƙasa da mita 3 kuwa fukafukan na juyawa, yaran unguwa na ɗaga kai suna kallo, batir bai san ana yi ba.

Da na sani, faɗin fukafukai zan fara tambaya kafin wat. Nawa mita 1.2 ne daga baki zuwa baki. Wanda ya ninka shi faɗi iskar da yake kamawa ta ninka sau huɗu, shi ya sa injuna biyu masu lamba ɗaya ba sa ba da wuta ɗaya.

Wurin kafawa ma ya ƙara min ciwo. A kan bututu mai mita 3 na ɗaure shi bisa rufi, ga bishiyar dogon yaro a ƙofar gida, ga benen maƙwabci ta arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Iskar da ta bugi bango takan zo a hargitse, wutsiyar injin ta yi ta waige-waige ba ta tsaya wuri ɗaya ba, girgizar kuma ta bi ƙarfe ta sauko har ɗakin kwana. Ƙa'idar masu sana'ar ita ce injin ya ɗara duk abin da ke cikin mita 150 kewaye da shi tsayi da kamar mita 9. A cikin gari wannan na nufin dogon turke mai igiyoyin ƙarfe ta kusurwa huɗu, da filin da yawancin gidajenmu ba su da shi.

Abu ɗaya da na yi daidai: ban haɗa shi da na'urar daidaita cajin sola ba. Ita tana yanke layi in batir ya cika, injin iska kuwa in ya rasa inda zai zuba wuta sai ya yi ta gudu har fukafukai su tsinke. Nasa daban ne, mai juya rarar wuta zuwa ƙarfen da ke ƙona ta. Na sa makunnin birki mai haɗe wayoyin injin guda uku don tsayar da fukafukai, ina danna shi da zarar gabas ta yi baƙi, kafin iskar ta iso. Na kuma binne sandar tagulla saboda tsawa. Bayan kowane hunturu a sauke injin a duba boris, ƙura na cinye shi.

Wanda ke da fili a buɗe a bayan gari, ya yi awon a daidai tsayin da zai kafa, a hunturu da bazara duka. In matsakaicin gudun iskar bai kai mita 5 a daƙiƙa ba, kuɗin ya tafi ga ƙarin faifai da batir. Ni wat 400 ɗin sau biyu na gan shi, duka a watan Yuni, na ƴan mintuna kafin ruwa ya sauko.