Kafin alƙalamin da na biya kafin Barista ya dawo daga Jos

Watanmu 4 kenan da tarewa a Tsohuwar GRA ta nan Bauchi, alhamdulillahi, amma wallahi har yau in na tuna wata Juma'a guda sai na ji raina ya sosu. Gidan ba shi da laifi, ina son shi sosai. Ni ne na yi gaggawa ta kwana 3 kacal, ta ja min wata 7.

Fulat ne a saman wani tsohon bene mai fulat 4, ginin ƙarshen shekarun 1970, lokacin da aka ƙirƙiro jiha a 1976 manyan ma'aikata suka dinga tahowa ana neman inda za a sa su. Duk wanda ya taɓa shiga irin ginin nan ya san abin da nake nufi, bango mai kauri, silin can sama, ƙasa tarazo wanda har yau in an goge yana sheƙi, tagogi na luba iska tana ratsawa ta ko'ina. Ga mangwaro da dogon yaro a harabar sun fi ni shekaru. Da rana tsaka a watan Afrilu na fara shiga, babu wuta babu fanka, amma falon da sanyinsa. Tun ina yaro in mun wuce ta unguwar nake ƙyasa ta, toh ranar a tsaye a falon nan na riga na saya a zuciyata, kuma dillalin ya gani a fuskata.

Ba wai ban nemi masana ba fa. Ina da lauya, na yi magana da injiniya zai zo ya duba ginin, har mai kimanta kadara na samu. Matsalar ita ce Barista yana Jos sai Litinin zai dawo. Ranar Juma'a bayan an sauko dillali ya haɗa ni da babban ɗan marigayi mai gidan, mutum kamili da furfurarsa, ya ce min an raba gado tuntuni kowa ya san nasa, wannan na saman nasa ne. Dillali ya ja ni gefe ya ce, Alhaji akwai wani daga Abuja zai shigo Litinin da kuɗinsa a hannu, in kana so ka kafa alƙalami yau. Na kira Barista, ya ce min, ranka ya daɗe kar ka ba da ko sisi sai na ga takardu, in rabonka ne ba inda zai je. Na ce toh. Na ajiye waya, ban yi minti 20 ba na tura naira miliyan 5. Aka yago takarda daga littafin makaranta aka rubuta da biro, shaidu 2 suka sa hannu, ɗaya ma yaron dillalin ne.

Litinin na kai ma Barista takardar nan. Ya karanta ya juya bayanta ya ga ba komai, ya cire tabarau ya ajiye. Tambaya 3 ya yi min: C of O ɗin, wato takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati, sunan wa ke kai, a wace kotu aka raba gadon, sannan magada nawa ne suka sa hannu. Ko ɗaya ban iya amsawa ba.

Da ya je ya yi bincike a ofishin filaye sai abubuwa suka fara fitowa. C of O guda ɗaya ce ta rufe filin gaba ɗaya da benen, kuma da sunan marigayi, babu wata takarda da ta ware fulat ɗina daban. Kuɗin ƙasa na shekara-shekara tun rasuwarsa ba wanda ya biya. Rabon gadon da ake ta faɗa kuwa a baki aka yi shi a zaure bayan sadakar arba'in, maza 3 kowa ya nuna fulat ɗaya, aka ce na huɗun na mata ne, ba a kimanta komai ba, ba a fitar ma Hajiya matar marigayi tumuninta ba, ba alƙali ba takarda. Wato a shari'a mutumin da na ba kuɗi ba shi da fulat, kaso yake da shi a cikin gidan da ba a raba ba.

A nan ne na fara jin kalmar shuf'a da kunnen basira. Na san ta a karatun zaure amma ban taɓa kawo ma raina za ta shafe ni ba. Barista ya ce a mazhabar Malikiyya in mutane suna tarayya a gida ko fili da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ma bare, sauran suna da haƙƙin su mayar ma mai saye kuɗinsa su karɓe abin. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan haƙƙinsa na nan ko ya daɗe. Kuma akwai ƙanwarsu ɗaya da ke aure a ƙasar waje, ba ta ma san ana cinikin ba. Kenan zan iya gyara gida in zuba kuɗi in tare da iyalina, bayan shekaru ta dawo ta ce tana so.

Na ce toh a ba ni kuɗina in haƙura. Sai babban ɗan ya sunkuyar da kai ya ce wallahi Alhaji na riga na shigar da su kayan ɗakin yarinya, biki saura sati 3. Ban ga alamar yaudara a tare da shi ba, shi har ransa ya ɗauka fulat ɗin nasa ne. Amma ni fa miliyan 5 ɗina sun zama gado da kujeru a ɗakin amarya, kuma daga wannan rana ba ni da bakin ciniki. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Da kuɗin suna aljihuna su ne za su bi ni, su je kotu su gyara takardunsu su kawo min. Da yake suna hannunsu sai na koma ni ne mai bi, ni ne mai cewa don Allah.

Injiniya ya zo ya hau cikin silin da tocila, ya sauko da wani guntun katako ya murza shi a hannu ya zama gari a gabana. Gara ta cinye kusan rabin katakon rufin. Bututun ruwa na ƙarfe ne irin na da, duk sun yi tsatsa ta ciki, wayoyin wuta kuma ya ce ba zai bar yara su kwana a kansu ba. Duk wannan ba abin mamaki ba ne a ginin da ya haura shekara 40, kuma dama abin da ake rage farashi da shi kenan. Na kai musu rahoton, dillali ya ce ai Alhaji an riga an yi sallama. Ko naira ba a rage ba. Shi dai la'adarsa ta 5 cikin 100 tana nan daram, mutumin Abujan kuwa har yau ban ji wanda ya gan shi ba.

Abin da ya warware maganar zuwa wajen Hajiya ne. Barista ya ce mu je da kanmu, kar mu aika. Muka same ta a fulat ɗin ƙasa a kan darduma da carbi, na durƙusa na gaishe ta na faɗa mata komai ban ɓoye ba, har da gangancin da na yi. Ta yi shiru can ta ce, ɗana, ni ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ni ko ina da magana a gidan nan sai kai. A ranar ta sa aka kira 'yar tata a waya ta bidiyo, ita ce kuma ta matsa ma mazan aka tafi kotun shari'a. Aka kimanta gidan gaba ɗaya, aka fitar mata da tumuni, aka raba saura namiji rabon mata 2, inda fulat ya fi kason mutum ya yi ciko da kuɗi. Ƙanwar ta aiko da wakilci a rubuce cewa ta yarda ba ta da buƙata. Kuɗin mai kimantawa ni na biya, bashin kuɗin ƙasa ni na biya rabi, don in na tsaya jiran a haɗa za mu kai wata shekarar. Ana cikin haka hayata ta Fadaman Mada ta ƙare na sake biyan shekara guda cur.

Inda kuɗin lauya ya halatta a wajena shi ne yarjejeniyar da ya rubuta. Ni tunanina ya tsaya a ɗaki 3 da falo. Shi ya sa aka rubuta wa ke da alhakin rufi tunda ni ne a sama amma kowa yake karewa, yadda za a raba kuɗin kwashe sokawe da gyaran bohol, matattakala ta kowa ce, inda zan ajiye mota, da kasona a cikin filin kansa. Ya kuma nuna min abin da ban taɓa lura da shi ba, shekara 99 ɗin da ke kan C of O ba daga ranar da na saya take farawa ba, tun ranar da aka ba marigayi take ƙirguwa. Sannan a dokar filaye ta 1978 duk cinikin fili mai irin wannan takarda sai da amincewar gwamna, in babu ita takardar cinikinka ba ta cika ba. Mun shigar da tamu, muna jira.

Abokai 2 sun tambaye ni tun da na tare, su ma suna son tsohon gini a GRA. Abin da na ce musu, in gidan gado ne ku nemi takardar kotu ta rabon ku ƙirga magada da kanku, ku tambayi matan gidan musamman, kuma in dole sai an kafa alƙalami a ajiye kuɗin a hannun lauya da sharaɗi a rubuce, kar su shiga asusun mai sayarwa. Ɗayansu ya ce ai in ka tsaya haka wani zai riga ka. Na ce masa ni ma abin da aka faɗa min kenan ranar Juma'ar nan.

Rufin mun canja shi kafin damina, katako sabo an shafe shi da maganin gara. Tarazon ban taɓa shi ba duk da masu tayil sun yi ta ba ni shawara. Takardar littafin makarantar nan tana cikin fayil ɗaya da sauran takardun gidan, Barista ya ce kar in yar da ita don ita ce shaidar biyan farko.