Godiya ga ikilisiyar da ta riƙe mu wata goma sha biyu

Salama a gare ku duka. Jiya Lahadi bayan sujada aka rufe lissafinmu. Wata goma sha biyun da ikilisiya ta sa hannu za ta ɗauki nauyinmu, mu 'yan gudun hijira, a nan birnin Winnipeg na Kanada sun cika cif. Ma'aji ya miƙo mini takardar ƙarshe, na dawo gida na zube a ƙasa, ko takalmin sanyi ban cire ba. Sai yanzu da asuba jikina ya saki har na iya riƙe waya. Ku yi haƙuri idan maganar ta yi ta kewaye, gajiyar shekara goma ce take fita.

Ba zan koma kan Gwoza ba, ko watan Agustan 2014, ko duwatsun da muka kwana a kansu. Kun sani. Da waɗansunku muka tsallaka Kamaru, da ku muka ja layin ruwa a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao shekara tara. Kun san abin da ya sami Baban yara. Kun kuma san shekarun da takardunmu suka yi suna tafiya, da awon likita a Yaounde, da yadda kiran baƙuwar lamba yake tsinka mini ciki.

Masu tambayata a ɓoye nawa na biya, ku ji da kyau: ko sisi ban ba kowa ba. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi ya haɗa ku da coci a Kanada ɓarawo ne. Dokar ƙasar nan ta ba mutanen gari dama su haɗa kai su ɗauki nauyin ɗan gudun hijira da aljihunsu, su biya haya, abinci da sutura na shekara guda, gwamnati kuma ta tantance mutum ta ba shi takardar zama na dindindin tun ranar da ya sauka. Kuɗin jirgi kaɗai ne bashi a kaina, na gwamnati, kuma na fara biya kaɗan-kaɗan. Wani yaron garinmu da ya zo karatu ne ya kai sunanmu gaban kwamitin cocin da yake zuwa. Ikilisiyar Mennonite ce, wata ɗarikar Kirista, ba su cika ɗari ba, yawancinsu masu furfura. Da miyar da suke sayarwa bayan sujada, da barguna da matansu ke ɗinkawa, da baiko na musamman suka tara kuɗin, tun ba su san kamanninmu ba.

Dare ɗaya nake so in faɗa muku, don ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba.

Ranar 1 ga Yuli suke bikin ƙasarsu. An gaya mini akwai hutu, amma ba wanda ya tuna ya gaya mini akwai wasan wuta. A lokacin zafi rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen tara da rabi na dare, don haka mun daɗe ba mu kwanta ba. Wajen sha ɗaya na ji ta fara. Tas! Tas! Sannan mai nauyin nan da ke girgiza taga. Ban san lokacin da na kashe fitilu ba. Na jawo yaran uku cikin banɗaki, na tura biyu cikin bahon wanka, na toshe bakin auta da tafin hannuna, yaron da bai taɓa ganin Gwoza da idonsa ba, a cikina ya tsallake dutse. Babbar 'yata tana ta raɗa mini, "Mama, wasa ne, Mama, Kanada muke," kunnena yana ji amma jikina yana can. Ita ce ta zare wayar daga zanena ta kira wata tsohuwa 'yar ikilisiyar da yarana ke ce wa Kaka.

Kaka ta haura shekara tamanin, ta daina tuƙi da dare saboda idonta. Amma ta zo. Da rigar barci ta zo, ta ɗora kwat a kai, silifas ɗinta ma ba iri ɗaya ba. Ta buɗe da makullin da ke wurinta, ba ta kunna wuta ba, ba ta kira sunana da ƙarfi ba. Ta lallaɓo ta dafa bango, gwiwoyinta suna ƙara, ta zauna a ƙasan banɗakin nan mai sanyi, kafaɗarta a jikin tawa. Ba ta ce mini in tashi ba. Can sai ta fara rera wata waƙa a maƙogwaro, ba kalmomi. Muryar waƙar na gane, muna yin ta da Hausa a cocinmu na gida, EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya), a Zumuntar Mata. A baiti na biyu na ji hannuna ya sauka daga bakin yaron da kansa.

Har aka yi shiru muna nan. Da muka fito ta dafa shayi a kicin ɗina kamar nata, ta ce 'yata ta fassara mini: laifinsu ne da ba su gargaɗe ni ba, in yafe musu. Tsohuwa irin wannan tana neman gafarata! Sannan ta ce mahaifiyarta tana yarinya suka gudo daga Rasha a shekarun 1920, kuma har ta rasu ana samun guntun burodi ƙarƙashin matashin kanta. A daren na gane abin da ya sa mutanen nan ba sa kallonmu da idon tausayin da ke sa mutum jin kunya. Ranar 31 ga Disamba, da za a sake wasan wuta na sabuwar shekara, tun da yamma sai ga ta da ulu da allurar saƙa, ta kwana a kujerar falona.

Sun roƙe ni kada in ambaci sunan kowa, wai hannun hagu kada ya san abin da dama ke yi. Rabin maganar zan bi. Zan kira ku da sunayen da yarana suka raɗa muku, ku kun san kanku.

Kaka Mai Bargo, uwata ce ke, ba ni da wata kalma.

Baba Mai Bas, da ka yi sati biyu kana hawa bas tare da ni cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, har na haddace inda zan sauka. Sai daga baya na ji kai ma a jirgin ruwa ka baro Biyetnam, kuma coci ce ta karɓe ka a 1980, shekara guda bayan ƙungiyar agaji ta Mennonite, wato MCC, ta ƙulla yarjejeniyar farko da gwamnati a kan irin wannan ɗaukar nauyi. Ka ce bashi kake biya. Ubangiji ya ba ni tsawon rai in biya nawa.

Malama Mai Biro, da kika cike mini takardun makaranta, na banki, na katin asibiti da na tallafin yara, kika koya mini sa hannu ba tare da dangwala yatsa ba. Anti Mai Mota, da kika zagaya gari da ni har muka samo kuka da daddawa a shagon 'yan Afirka, kika ci tuwon da hannu ba ki yamutsa fuska ba. Fasto, da ka bar ni na yi addu'a da Hausa a gaban jama'a. Da kai ɗana ɗalibi, da ka tuna da matar da ta taɓa goya ka. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mace tagari.

Akwai waɗanda jini ya haɗa mu, shekara tara wayarsu ba ta shiga idan daga sansani ake kira. Yanzu ta gyaru. Akwai kuma wanda tafiyar 'yan awoyi ce a jirgi tsakaninmu, bai zo ya ga marayun ɗan'uwansa ba har shekara ta zagayo. Ban riƙe kowa ba, na gaishe ku duka.

Ubangiji Allah, kai da ka ciyar da Iliya ta bakin hankaki, ka sāka wa bayinka nan. Ka ƙarfafa gwiwoyin Kaka, ka haskaka idonta. Ka cika rumbunsu, ka tsare 'ya'yansu da jikokinsu, kada ka bari ɗayansu ya taɓa sanin gudu da dare. Ka tuna da dubban da muka bari a Minawao suna jiran rabon abinci, da waɗanda suka koma gida cikin fargaba, Kirista da Musulmi. Ka buɗe musu ƙofa yadda ka buɗe mana. A cikin sunan Yesu, amin.

Na samu aikin shara da goge-goge a gidan kula da tsofaffi, da rana ina zuwa ajin Turanci. Hayar wata mai zuwa daga gumina za ta fito. Matan Zumunta na sansani, ranar Asabar zan kira, ku sa wayar caji ku taru wuri ɗaya, ina so in ji muryar kowa.