Kafin in tsaya takarar wakilci a ƙungiyarmu ta matuƙan jirgin sama

Makonni biyu da suka wuce wani kyaftin da muka daɗe muna tashi tare ya tare ni a ɗakin hutawar matuƙa, ya shaida mini cewa wa'adin wakilin mataimakan kyaftin na reshenmu ya kusa cika, kuma shi da wasu abokansa suna so in tsaya takara. Na roƙe shi ya ba ni lokaci in yi shawara, domin shekara huɗu da na yi ina aikin sa-kai a kwamitin ƙorafi sun nuna mini cewa kujerar da yake yi mini tayi ta fi nauyi a hannu fiye da yadda ake ganinta daga nesa.

Lokacin da na bar Zariya, inda na fara koyon tuƙin jirgi, na zo Amurka na samu aiki, abin da na sani game da ALPA, wato ƙungiyarmu ta ƙwadago ta matuƙan jirgin sama, bai wuce ɗan kuɗin da ake cirewa daga albashina kowane wata ba, wanda bai kai kashi 2 cikin 100 ba, sai kuma wani ɗan kati mai launin lemo da aka ba ni, ɗauke da lambar da ake kira dare ko rana idan hatsari ya auku. Na ɗauka akwai wasu manya a birnin Washinton da ke tafiyar da komai, mu kuma namu biyan kuɗi ne da jiran sakamako. Sai daga baya na gane cewa wannan ƙungiya, mai mambobi fiye da dubu saba'in a Amurka da Kanada, mutane iri uku ne ke ɗauke da ita, wato waɗanda muke zaɓa, da waɗanda ke ba da lokacinsu kyauta, da kuma ma'aikatan da muke biya albashi, waɗanda yawancinsu ba su taɓa zama a kujerar matuƙi ba.

Tsarin zaɓen daga ƙasa yake tasowa. Matuƙan kowane mazauni na kamfani, wato garin da suke fara aiki daga cikinsa, suna da majalisar reshe, suna zaɓen wakilin kyaftin-kyaftin da wakilin mataimakansu na tsawon shekara uku. Wakilan dukkan rassan kamfani ɗaya su ne ke haɗuwa su zama babbar majalisar matuƙan wannan kamfani, wadda muke kira MEC a taƙaice, kuma ita ce ke zaɓen shugabanta da mataimakinsa da ma'aji, ta kafa kwamitoci, ta yanke abin da za a nema a teburin tattaunawa. Waɗannan wakilai ne kuma, daga dukkan kamfanoni, ke taruwa duk bayan shekara biyu a babban taron ƙungiya, kuma a can ne ake zaɓen shugaban ƙasa baki ɗaya na shekara huɗu, kamar yadda aka zaɓi Jason Ambrosi, kyaftin a kamfanin Delta, a shekarar 2022. Abin lura shi ne ƙuri'ar wakili tana iya ɗaukar nauyin yawan matuƙan da yake wakilta, kuma waɗanda suka ɗora shi suna da ikon sauke shi kafin wa'adinsa ya cika.

Ikon saukewar nan ba ado ba ne a cikin kundin tsarin mulki, domin an taɓa yin amfani da shi a kan wanda ya kafa ƙungiyar da kansa. David Behncke ne ya tara matuƙa 24 a wani otal a birnin Shikago a watan Yuli na 1931, a zamanin da kamfani ke iya korar mutum saboda kawai an ji yana maganar ƙungiya, har ta kai masu shirya abin suna ɓoye sunayensu a bayan haruffa. Shi ya yi ta safa da marwa a majalisar dokoki har aka shigar da kamfanonin jiragen sama ƙarƙashin dokar ƙwadago ta ma'aikatan jirgin ƙasa a 1936. Amma bayan shekara ashirin yana riƙe da komai a hannunsa, yana ƙin sakin ko da ƙaramin aiki, ma'aikatan ofis suka kai ƙararsa wajen matuƙa, aka tsige shi a 1951, aka ɗora Clarence Sayen, wanda mataimakin kyaftin ne a kamfanin Braniff. Duk lokacin da na tuna wannan labari, abin da ke tsaya mini a rai shi ne cewa ba kamfanonin da ya yi ta fafatawa da su ne suka kayar da shi ba, rashin jituwarsa da mutanen da ke aiki a ƙarƙashinsa ne ya tsaga bangon.

'Yan sa-kai su ne ba a cika jin labarinsu ba, alhali kuwa mafi yawan abin da matuƙi ke cin moriyarsa a kullum daga hannunsu yake fitowa. Akwai waɗanda ke zama su duba jadawalin tashi na wata mai zuwa layi-layi kafin a fitar da shi, da waɗanda ke bin otal-otal suna duba ko ɗakin da za a kwantar da mutum bayan doguwar tafiya yana da duhu da shirun da zai iya barci. Akwai waɗanda ke zama tare da wakilin kamfani da na hukumar kula da sufurin jiragen sama suna nazarin rahotannin da matuƙa ke kawowa da kansu a kan kurakuran da suka yi, kuma idan hatsari ya faru, matuƙan da aka horar suna shiga cikin binciken a madadin ƙungiya. Akwai kuma masu sasanta kyaftin da mataimakinsa idan ba sa ga maciji, kafin maganar ta kai kunnen shugabannin kamfani, da masu rakiyar ɗan'uwan da shaye-shaye ya kama, ta hanyar shirin da ƙungiyar ta fara tun a shekarun 1970, har ya warke ya koma bakin aikinsa. Duk waɗannan ana yin su ne a ranakun hutun da ya kamata mutum ya ba iyalinsa, kuma ladan da aka fi samu shi ne kiran waya daga wanda ransa ya ɓaci. Uwargidana ta taɓa ce mini, "Malam, da kamfani kaɗai muke raba ka, yanzu kuma ga kishiya ta biyu," kuma ban sami abin da zan ce mata ba.

A watana na uku a kwamitin ƙorafi ne na tafka kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Wani matashin mataimakin kyaftin, wanda bai cika shekara da fara aiki ba, ya kira ni da daddare daga wani filin jirgi, ya ce ofishin jadawali ya ƙara masa tafiya da za ta cinye ranar hutunsa. Na buɗe yarjejeniyarmu a waya, na karanta sakin layin da ya shafi ranakun hutu, na ga maganar a fili take, sai na ce masa haƙƙinsa ne, ya ce ba zai je ba. Bayan na ajiye wayar zuciyata ba ta kwanta ba, na kira lauyar da ƙungiya ta ware wa matuƙan kamfaninmu, wadda ta fi shekara ashirin a wannan aiki. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, cikin natsuwar da ta fi faɗa zafi, "Ka kira shi yanzu-yanzu ka ce ya tashi. In dai ba gajiya ba ce, ko saɓa wa dokar hutu, ƙa'idar ita ce a tashi yanzu, a yi ƙorafi daga baya." Ta ƙara da cewa akwai wata takardar fahimtar juna da aka sa wa hannu shekaru da yawa kafin a ɗauke ni aiki, wadda ta fassara wancan sakin layin ba yadda na karanta shi ba, kuma yaron yana cikin shekarar gwaji, lokacin da kariyar da ƙungiya ke iya ba shi ba ta da yawa idan aka tuhume shi da ƙin bin umarni. Na same shi yana shirin kiran ofishin jadawali. Ya yi tafiyar, muka shigar da ƙorafi, bayan wasu watanni aka biya shi kuɗin ranar.

Tun daga wannan dare na daina shiga cikin masu cewa, idan an zauna hira, me waɗannan ma'aikatan suka sani tunda ba su taɓa tuƙa jirgi ba. Mu matuƙa muna zuwa muna tafiya: wa'adi ya cika, wani ya gaji ya ajiye, wani ya koma babban kamfani, wani ya kai shekara 65 doka ta sauke shi. Lauyoyi da masana tattalin arziki da injiniyoyi da masu lissafin fansho su ne ke nan daram, su ne suka san abin da aka faɗa a teburi shekara goma sha biyar da suka wuce da dalilin da ya sa aka zaɓi wata kalma aka bar wata. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a Amurka, domin a ƙarƙashin dokar ƙwadagon da na ambata yarjejeniyar aiki tsakanin ƙungiya da kamfani ba ta mutuwa, lokacin gyara ta ne kawai ke zuwa, kuma ba a shiga yajin aiki sai hukumar sasanci ta tarayya ta saki ɓangarorin biyu, an kuma yi kwana 30 na hucewa. Tattaunawa ɗaya tana iya cin shekaru, har wakilan da suka fara ta su sauka ba a gama ba. Wani abin ban sha'awa ma shi ne su kansu ma'aikatan suna da ƙungiyarsu ta ƙwadago, saboda haka a gabansu mu ne masu kamfani, kuma ba kullum muke cin jarrabawar da muke ɗora wa namu iyayen gidan ba.

Sai dai ban yarda da masu cewa a sakar wa ƙwararru komai ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin tattalin arziki zai iya gaya maka nawa ƙarin sa'a ɗaya ta hutu za ta ci wa kamfani, amma ba zai san yadda ido ke nauyi a sauka ta huɗu bayan an tashi ƙarfe huɗu na asuba ba, kuma ba shi zai rayu a ƙarƙashin yarjejeniyar ba. Lauyar nan da kanta takan ce nata shi ne ta faɗi abin da zai biyo bayan kowane zaɓi, yanke hukunci kuwa na masu ƙuri'a ne. Inda na ga abubuwa sun lalace shi ne inda wakili ya ɓuya a bayan shawarar lauya don kada ya ɗauki alhakin matsayin da ba zai yi wa jama'a daɗi ba, ko inda ɗan sa-kai kamar ni ya yi fatawa a kan abin da ba huruminsa ba.

Akwai kuma haɗarin da ya fi ba ni tsoro a kujerar wakilci. Idan aikin ƙungiya ya hana mutum yin tafiyar da aka rubuta masa, ana biyansa kuɗin tafiyar daga asusun ƙungiya don kada ya yi asara, kuma wannan adalci ne, domin in ba haka ba sai mawadata kaɗai za su iya yin wakilci. Amma na ga mutanen kirki da suka saba da taro da otal da kwana a gida, har suka koma ba sa tashi sai gwargwadon abin da zai riƙe musu cancantar tuƙi, kuma cikin shekara biyu suka daina jin abin da ake faɗa a ɗakin hutawa.

Jiya na kira kyaftin ɗin na ce masa na amince a sa sunana, bisa sharaɗi biyu. Na farko, ko an zaɓe ni, zan ci gaba da yin aƙalla rabin tafiye-tafiyena na wata. Na biyu, shi da abokansa su nemo mini mutum biyu da za su karɓi wayar kwamitin ƙorafi, in zauna da su tare da lauyar kafin in miƙa musu ita. Ya ce na farkon mai sauƙi ne a faɗa, na biyun kuma zai yi ƙoƙari. Har zuwa daren nan mutum ɗaya ya samu, shi ne yaron da na kusa jawo wa kora.