Godiya ga Fursunonin da Suka Tari Gobarar Los Angeles

Sannunku da aiki, 'yan'uwa masu kaya ruwan goro. Allah ya saka muku da alheri, ku da iyalanku da suka kwana da fargaba.

Gobarar Palisades da ta Eaton sun tashi ranar 7 ga Janairu 2025, busasshiyar iska mai ƙarfi da ake kira Santa Ana na rura su. Fursunoni sama da 1,000 daga sansanonin kashe gobara na jihar Kaliforniya suka shiga dajin.

Mutane da dama ba su san aikinku ba. Ba mesar ruwa kuke riƙewa ba. Hanya kuke sharewa a gaban wuta don ta rasa abin ci. Mai zarton inji ne a gaba yana sare kurmi, na bayansa yana janye rassan yana jifa gefe. Sai masu Pulaski, gatari a baki ɗaya fartanya a ɗayan, su tono saiwoyi. Masu McLeod, manjagara a baki ɗaya faffaɗar fartanya a ɗayan, su biyo su kankare har sai tsurar ƙasa ta bayyana. Busasshen ganye kaɗan aka bari, wuta ta samu gada. A gangare kuma dole a haƙa kwalbati, domin kututture mai ci yana mirginowa ya kunna ciyawa a ƙasan ma'aikata. Awa 24 a jere, da kaya a baya.

Godiya ba za ta hana mu faɗin gaskiya ba: an ƙware ku. A lokacin ladanku dala 5.80 zuwa 10.24 ne a yini, da ƙarin dala 1 a kowace awa a bakin wuta, alhali mafi ƙarancin albashi a jihar dala 16.50 ne a awa. An ce da son ranku kuka shiga, kuma ana rage muku wa'adi. Haka ne, amma hayaƙin da kuka shaƙa shi ma'aikacin Cal Fire, hukumar kashe gobara ta jihar, ya shaƙa.

Muna gode wa waɗanda suka matsa har Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar AB 247, wadda ta kai ladan dala 7.25 a awa yayin kashe gobara. Duk wanda ya fito ya tuna da dokar AB 2147 ta 2020: kotu na iya goge masa laifin, ya samu takardar shaidar aikin agajin gaggawa da hukumomin kashe gobara ke nema kafin ɗaukar aiki.