Taransfo bai ƙone ba: gyaran fitilar akwatin murjani a Maradi

Fitilar da ke bisa akwatin murjanina, wato akwatin ruwan gishiri da nake kiwon murjani mai rai a ciki, mai neyon huɗu ce, siraran nan masu ƙarfin haske da ake kira T5 HO, masu wat 54, tsawon kowane milimita 1149. Balas biyu ne a ciki, wato na'urar da ke tayar da neyon tana daidaita masa wuta, wadda masu gyara ke ce wa taransfo, kowane yana ɗauke da neyon biyu. Biyun baya lafiya lau suke. Biyun gaba kuwa in an kunna sai su kama, su yi haske na daƙiƙa biyu ko uku, su ɗauke tare. Ka zare fish ka mayar, su maimaita. Duk mai gyaran kuran da na kwatanta wa, amsa guda yake ba ni: "Alhaji, taransfo ne ya ƙone, canza shi kawai." Balas mai ɗaukar neyon biyu masu wat 54 ban same shi a kasuwar nan ba, sai da aka aiko mini daga Kano, kuma kuɗinsa da na mota sun ci jikkuna masu yawa. Na ɗaura shi, na kunna, neyon suka kama, suka ɗauke bayan daƙiƙa uku, daidai yadda tsohon yake yi.

Har yanzu abin yana ci mini rai, domin alamar tana gabana tun farko. Balas na T5 ba irin tsohon taransfon nan mai nauyi ba ne da ke aiki da sitata. Na lantarki ne, yana fara ɗumama zaren da ke kowane bakin neyon, sannan ya bugo wuta mai ƙarfi ya tayar da shi, kuma yana sa ido a kan abin da ke dawowa. In ya ji zare ɗaya ya katse, ko wuta tana tsalle a wani wuri, ko ɓangare ɗaya ya fi ɗaya jan wuta, sai ya kashe kansa ya ƙi tashi har sai an yanke masa kuran an mayar. An gina shi haka ne don kada bakin neyon ya yi zafi ya narkar da roba. Tun da neyon biyu suna kan balas guda, laifin ɗaya yana kashe su duka. Saboda haka balas ɗin da ya tayar da neyon sannan ya kashe cikin ƴan daƙiƙu, mafi yawan lokaci lafiyarsa ƙalau, gadi yake yi. Wanda ke ɗaukewa bayan minti ashirin ko talatin, zafi ke damunsa. Wanda bai ko motsa ba, a nan ne ake fara zargin fish, makunni, fis, sannan shi kansa.

Kafin komai a sauke fitilar daga kan ruwa a kai ta busasshen tebur. A zare ta, a jira kamar minti biyar, don akwai kondansata, ɗan abin da ke tara wuta, a cikin balas da ke riƙe kusan bolt 400 bayan an kashe. Gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi: a musanya neyon gaba da na baya. In matsalar ta bi neyon, shi ke nan. Tawa ta tsaya a gaba. Na sa mita a kan om na auna ƙafafu biyun kowane baki, duk sun nuna om kaɗan, wato zarurrukan ba su katse ba. Kada a kuskura a ɗora mita a wayoyin da ke fitowa daga balas yana kunne. Wutar wurin tana kaɗawa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, bugun farko kuma ɗaruruwan bolt ne, mitar kasuwa ko dai ta ba ka lambar banza ko ta ƙone.

Saura duyi, mazaunin da ƙafafun neyon ke shiga. Ta waje fari fat, ba tabo, shi ya sa ido ya wuce shi. Sai da na kwance kusar na juya bayansa, inda waya ke shiga. Gishiri ya taru a ramukan ya daskare kamar kanwa a gindin bango. Tagullar ciki ta koma kore, robar gefen rami ɗaya ta yi ruwan ƙasa ta tsage, kuma da na ɗan ja wayar sai ta biyo hannuna, bakinta baƙi ƙirin, ya cinye ya zama siriri. Na sunsuna, warin ƙonanniyar roba. Wannan ɗan abin, da kuɗin balas guda zai sayo tulinsa, shi ne ya sa na yi aike Kano.

Dalilin da ya sa bakin nan kaɗai ya lalace, na nan garin ne. A watan huɗu da na biyar zafi yana wuce digiri 40, murjani kuma yana son ruwa wajen 25 zuwa 27. Mai irin wannan akwati a Maradi, in ba shi da injin sanyaya ruwa, dole ya bar saman a buɗe ya saita fanka tana hura fuskar ruwan. Tawa fankar tana hura daidai inda famfon mayar da ruwa yake fasa kumfa, iska ta kwashi feshin ta kai shi ƙarshen fitilar na dama. Ruwan ya bushe, gishirin ya zauna, gram 35 ne fa a kowace lita. Ƙurar hunturu ta zo ta manne a kai. Da damina ta shigo gishirin ya sha laima ya zama hanyar wuta, tagulla ta fara ci, haɗin ya yi sako-sako, wuta ta riƙa tsalle tana gasa robar.

Duyin da ya ƙone ba a kankare shi a mayar. Robar da ta zama gawayi tana ɗaukar wuta ko an wanke ta, maƙallin ciki kuma ya riga ya saki. Na canza duka huɗun da ke wannan gefen. Sunan irinsu G5, tazarar ƙafafu milimita 5. Na neyon gidajenmu, T8 mai wat 36, G13 ne, ba sa shiga juna. Kafin a biya a sa mita tsakanin ɓangarorin biyu na duyin babu neyon a ciki: bai kamata ta nuna haɗi ba. Akwai waɗanda aka haɗe ƙafafunsu ta ciki da ƙarfe guda, an yi su don wani irin balas daban. In ka sa su a nan, wutar ɗumama zare ta sami gajeriyar hanya, balas ya ƙi tashi ko ya lalace da gaske. In an samu masu zoben roba da ke matse jikin neyon don hana ruwa, su ne na wannan aikin.

Wayar ma sai an yanke ta baya har inda tagulla ke ƙyalli, don tsatsar tana bin ƙarƙashin roba ta yi nisa. In ta gaza tsawo a canza ta gaba ɗaya, ba a yi mata ƙari da salatif ba. Mai ƙarfe ɗaya ake sawa, kauri 0.5 zuwa 1 mm², a fere milimita 8 zuwa 9, a tura har ta ƙi jawuwa. Mai gashi-gashi ba ta kamuwa a irin waɗannan ramuka. Zanen haɗi yana jikin balas, shi ake bi, ba launin waya ba, kuma wayoyin da zanen ya ce a gajarta a gajarta su. Wajen sa neyon a juya shi kwata har a ji ya zauna. Neyon da bai gama juyawa ba yana ba da irin alamar nan sak.

Dole jikin fitilar ya samu waya ta ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Gidaje da yawa a nan piriz ɗinsu rami biyu ne, ko ramin na uku ba a haɗa shi da komai ba. Neyon yana tashi da sauƙi in ƙarfen da ke kusa da shi yana haɗe da ƙasa, amma babban dalilin shi ne hannunka da ke shiga ruwan gishiri kullum. Dijonkta mai yanke wuta in wadda ke zurarewa ta kai 30 mA na sa wa layin akwatin duka. Duk wanda ya taɓa jin ɗan tsikari a yatsa yana taɓa ruwa ko jikin fitila, kada ya ce sai gobe.

Da na mayar da tsohon balas wurinsa, neyon suka kama suka zauna. Sabon yana cikin kwali har yau, in na buɗe durowa ya kalle ni in kalle shi.

Na juya fankar ta hura nesa da bakin fitila, na ɗaga fitilar zuwa kamar santimita 20 daga ruwa, na sa farantin roba mai haske a ƙarƙashinta. Farantin yana rage haske kaɗan in ya yi gishiri, don haka duk mako ake goge shi. Marfin alminiyom da ke mayar da haske ana goge shi da tataccen ruwa da tsumma mai laushi, ban da soso ko omo, in ya karce ya tafi ke nan. Ƙaramar fankar cikin fitilar ma na tarar ƙura ta shaƙe ta. T5 ya fi ba da haske in iskar kewayensa tana wajen digiri 35, abin da ɗakin Maradi ke wucewa da bazara tun kafin a kunna komai. A jikin balas akwai ɗigo da aka rubuta tc da iyakar zafinsa, yawanci 70 ko 75, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana raba kwanan kondansata biyu. Neyon duka a jera su tambarinsu yana gefe guda, don ta bakin tambari ne wurin da ya fi sanyi yake.

Murjanin bai damu da zaman rabin haske ba, wasu sun ɗan yi duhu kawai. Haɗarin yana wajen dawo da haske. Ƴan tsirran da ke zaune cikin naman murjani suna ciyar da shi sun saba da ƙarancin, in ka watsa musu cikakken haske da sababbin neyon rana ɗaya sai murjanin ya amayar da su ya yi fari. Na fara kunna biyun gaba awa huɗu, ina ƙara awa guda duk bayan ƴan kwanaki. Neyon kansu ana canza su bayan wata 9 zuwa 12 ko suna kamawa, ɗaya bayan ɗaya, da tazarar mako ɗaya ko biyu, musamman shuɗin nan mai nanomita 420, wato ma'aunin launin haskensa, da ido ba ya gane raguwarsa. In za a aika sayensu a rubuta wa ɗan aike "54W HO" a takarda, domin akwai T5 mai wat 28 da tsawonsu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, zai shiga ya kama, amma balas ɗin 54 zai tura masa wutar da ta fi ƙarfinsa, bakinsa ya yi baƙi cikin ɗan lokaci. Tsofaffin kuma a mayar da su kwalinsu a ɗaga daga inda yara ke wasa, akwai zaiba a ciki, kuma ba a cire neyon ko sa shi fitila tana rataye bisa ruwa.