Abin da na koya a ofishin alhazai a Makka

Duk wanda ya zauna da mu a ofishin nan na unguwar Misfala ya san dalilin da ya sa na ajiye aiki. Saboda ƙannena da aka ɗauka bayana nake wannan rubutu.

Gab da Hajjin 2024 wani saƙon murya ya karaɗe zaurukan WhatsApp na 'yan unguwar Shara Mansur ta Makka, wai an yi sassauci, mai bizar ziyara zai hau Arfa ba sai da tasrihi (takardar izinin yin Hajji) ba. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, sai rantse-rantse da "wani babba a jawazat ne ya gaya min", wato hukumar fasfo ta Saudiyya. Mudir, wato shugaban ofishinmu, ya ce in tura wa mutanenmu na gida. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri mu bincika tukuna. Ma'aikatar Hajji ba ta sanar ba, a manhajarta ta Nusuk ma babu." Ga alluna a titi suna cewa ba Hajji sai da tasrihi, ga tarar riyal 10,000. A gaban baƙi ya tambaye ni yaushe na zo ƙasar da zan koya masa Saudiyya. Ya karɓi wayar ofis ya tura da hannunsa.

A shekarar zafi ya haura digiri 50, mutum sama da 1,300 suka rasu, ministan lafiya ya ce kashi 83 cikin 100 marasa tasrihi ne, masu tafiya a ƙasa, ba tanti ba mota. Namu Allah ya tsare rayukansu, amma an kai wasu Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, aka mayar da su gida, ciki har da dattijuwar da gonarta ta sayar ta zo. Da iyalai suka fara kira, sai aka ce ai ni ke riƙe da waya. Har yau Alhaji bai neme ni ba.

Labarin da zai kawo wa ofis kuɗi shi ya fi buƙatar bincike, don kowa so yake ya zama gaskiya. Rantsuwa ba hujja ba ce, furfura ma haka. In an turo bidiyo, ku duba na wace shekara ne. In an ba ku umarni, ku roƙa a rubuta.

Na ji saƙon ya sake dawowa da wata murya daban, alhali tun 2025 tarar ta koma riyal 20,000.